Wuta Daga Kashin Shanu

Jawabi ga 'yan ajin Yaƙi da Jahilci na Talata Mafara da Bakura da Maradun

  Yau mun zo muku da maganar murhu da gona. Ku gyara zama, gama magana ce da ta shafi kowane gida.

Kowa ya san irin wahalar itace a ƙasar nan. Da can yarinya takan fita bayan gari da hantsi, kafin azahar ta komo da dami. Yanzu itatuwa sun yi nisa, daji kuwa ya zama abin tsoro saboda ɓarayi. Mai hankali ba ya aika 'yarsa can. Sai a saya, alhali kuɗin itace da na gawayi kullum hawa suke yi. Kalanzir da gas na tukunya sun fi ƙarfin talaka. Saboda haka gidaje da yawa sun koma ga kara da kandilo.

To, a nan ɓarna take. Kara da kashin shanu abincin gona ne. Duk kandilon da aka ƙona a murhu, an hana shi ga gona ke nan. Uwargida ta dafa tuwon yau, amma ta rage hatsin baɗi. Takin zamani kuwa ya yi tsada ƙwarai tun daga 2022. Maigida yana son kashin shanu ya kai gona, uwargida tana sonsa ta hura wuta, kowa kuwa yana da gaskiya.

Ga kuma hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum wajen miliyan 3 da dubu 200 suka mutu a duniya saboda gurɓatacciyar iskar da suke shaƙa a cikin gida, yawancinta daga hayaƙin girki. Mata da yaran da ke goye su suka fi shaƙarsa. Tarin nan da ba ya jin magani, da jan ido, da ciwon ƙirji, sau da yawa daga madafi suke.

Abin da muka zo faɗa muku shi ne, akwai dabarar da za a ci moriyar kashin shanu sau biyu. A fara cire wuta daga cikinsa, sa'an nan a kai shi gona da ƙarfinsa.

Inda wutar take ɓoye

Masu aiki a fadama sun san wani abu. In mutum ya taka laka a cikin tsohon kududdufi, sai ya ga kumfa yana tasowa, ɓul-ɓul-ɓul. Wannan iska ce, kuma tana kama wuta. A shekarar 1776 wani masani mai suna Alessandro Volta ya tara irin wannan iska a bakin wani tafki a Italiya, watau ƙasar da kamfanin da ya gina madatsar Bakolori ya fito. Ya gwada ta, ya ga tana ci da wuta. Masana suna kiranta metan.

Me ke yin ta? Wasu 'yan ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, ana ce musu bakteriya. Iri-iri ne, wasu suna kawo cuta, wasu suna da amfani, kamar waɗanda ke mai da madara nono. Waɗanda muke magana a kansu ba su zama inda iska ke shiga. Gidansu ƙarƙashin laka, da cikin tumbin saniya da na tunkiya da na akuya. Can suke cin ruɓaɓɓen ganye da ciyawa, suna fitar da iskar nan.

Aikin nasu hannu da hannu ne. Na farko su narkar da abin. Na biyu su mai da shi tsami. Na ƙarshe su ci tsamin su fitar da iska mai cin wuta. Waɗannan na ƙarshe su ne masu tsirfa. Ba su son iskar waje, ba su son sanyi, ba su son tsami ya yi yawa. Ku riƙe wannan, domin dukan dokokin da za mu faɗa daga nan suka fito.

Sa'ad da saniya ta yi kashi, halittun nan suna fitowa tare da shi. In an bar shi a fili, rana ta busar da shi, aikinsu ya tsaya. In kuwa an dama shi da ruwa, an zuba a rami mai rufi wanda iska ba ta shiga, sai su ci gaba da aiki kamar suna cikin tumbi. Iskar da ta taru, kashi 50 zuwa 70 cikin 100 metan ce. Saura yawanci irin iskar da muke fitarwa ce in mun yi numfashi, ita ba ta cin wuta. Akwai kuma 'yar kaɗan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Ba sabon abu ba ne

Mutanen Indiya sun daɗe da wannan sana'a. Suna kiran iskar gobar gas. Kada ku ji gobar ku firgita, da harshensu kashin shanu ke nan. Tun cikin shekarun 1950 suka shiga gina ramukan nan a ƙauyuka, yanzu suna da miliyoyi. A ƙasar Sin gidajen manoma miliyoyi masu yawa sun gina nasu da bulo da siminti a ƙarƙashin ƙasa. A Ruwanda manyan gidajen yari sun rage ƙona itace ta wannan hanya. Burkina Faso, ƙasar da ke da zafi da ƙarancin itace kamar tamu, ta kafa shiri na gina wa manoma irin ramukan nan, an gina dubbai.

A nan gida ma akwai masana. A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato akwai Cibiyar Binciken Makamashi, wadda aka kafa a 1982. Ta yi shekaru tana gwajin iskar kashin shanu, da murhu mai cin itace kaɗan, da na'urorin hasken rana. Daga nan zuwa Sakkwato kuwa ba nisa.

Yadda ginin yake

Ku ɗauka randa ce babba aka binne a ƙasa, an gina ta da bulo da siminti, samanta kamar tulluwar soro. Tana da baki uku. Na ɗaya wata 'yar kwatarniya ce a gefe inda ake dama kashi da ruwa, ya bi bututu ya gangara ciki. Na biyu yana ɗaya gefen, ta nan tsohon kashi ke fitowa da kansa in an zuba sabo. Na uku ƙaramin bututu ne a ƙololuwar tulluwa, shi ke kai iskar madafi.

Iskar tana taruwa a ƙarƙashin tulluwa, tana danne damammen kashin. Shi kuma yana tunkuɗa ta. Saboda haka da uwargida ta murɗa famfo, ta ƙyasta ashana, sai wuta ta kama. Harshenta shuɗi ne, ba hayaƙi, ba ta baƙanta tukunya. In an gama a murɗe famfo, ta mutu nan take. Ba inji, ba fetur, ba lantarki.

Akwai wani iri mai murfin ƙarfe ko na roba, wanda ke tashi sama in iska ta taru, ya sauka in an ƙona. Akwai kuma mai kamar doguwar jakar roba da ake shimfiɗawa a rami. Wannan ya fi araha, amma rana da awaki da yara suna lalata shi da wuri. Na bulo ya fi tsada, amma in magini ya iya aikinsa yakan yi shekara 20 ko fiye.

Mu yi lissafi

Yanzu ku ɗauko fensir, ga inda karatunku zai yi rana.

Kilo 1 na ɗanyen kashin shanu yana ba da iska wajen lita 40. Murhu mai kai ɗaya yana cin wajen lita 400 a awa guda. Gidan da ke son wutar awa 5 kowace rana yana bukatar lita 2,000. Ku raba 2,000 da 40, za ku sami 50. Watau kilo 50 na ɗanyen kashi kowace rana.

Sa mai girma da ke ɗaure a turke dare da rana yakan yi kashi wajen kilo 10 a yini. Shanu 5 ke nan. In kuwa suna fita kiwo da rana, na dare kaɗai za a samu, sai a lissafa da ninkin wannan.

Kowane bokitin kashi yana son bokitin ruwa. Kilo 50 na kashi, lita 50 na ruwa, watau jarka 2 manya. An haɗa lita 100 ke nan kullum. Abin da aka zuba yau yana bukatar ya kwana kamar 40 a ciki kafin ya ba da iskarsa. Ku ninka 100 sau 40, ya zama lita 4,000. A ƙara wurin da iska za ta taru, sai ramin ya zama na lita 6,000, watau cikin duro 30.

Ranar fari sai an cika shi gaba ɗaya, da kashi wajen kilo 2,000 da ruwa daidai da haka. Saboda haka a fara tara kashi a inuwa tun ana gini, a roƙi na maƙwabta. In an sami abin cikin tumbi daga mahauta a zuba, yana sa aikin ya kama da wuri. Bayan mako 2 ko 3 iska za ta fara zuwa.

Wanda ya yi wannan lissafi ba mai ruɗinsa. In wani ya zo ya ce da saniya ɗaya za a dafa wa gida mai mutum 20, ku ce masa ya sake lissafi.

Abin da ya dace da ƙasarmu

Allah Ya ba mu abu uku da wannan aiki ke so.

Na ɗaya zafi. Halittun nan sun fi aiki in ɗumin ramin ya kai kamar na jikin saniya, wajen digiri 35 zuwa 37. Turawa sai sun ɗumama nasu. Mu kuwa bazara tana yi mana kyauta. Da hunturu ne kaɗai iskar kan ragu, sai a rufe saman ramin da kara ko ciyawa, a dama kashin da rana da ruwan da ya sha hantsi.

Na biyu ruwa. An gama madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, tafkinta yana ƙasar Maradun, magudanan ruwanta sun ratsa gonakin Talata Mafara da Bakura. Ƙauyukan da ke kusa da ruwan nan sun fi na tudu samun sauƙin jarka 2 kullum. Ba lalle sai ruwan sha ba, na wankin hatsi da na wankin shinkafa ma ya yi.

Na uku dabbobi. Saboda satar shanu, mutane da yawa sun komo da dabbobinsu cikin gari, suna kiwon turke. Masifa ce ta kawo haka, Allah Ya yaye mana ita. Amma ga kashi nan yana taruwa a wuri ɗaya, yana tara ƙuda. Ga kuma kasuwar Talata, da abin da mahauta ke zubarwa, da ruɓaɓɓen tumatir da ganyen da masu lambu ke watsarwa.

Ramin nan dabba ne

Wanda ya gina ramin nan ya ƙara dabba ɗaya a garkensa. Yana da ciki, yana cin abinci, yana ƙoshi, yana rashin lafiya, yana kuma mutuwa. A ƙasashe da yawa an gina ramuka masu kyau, bayan shekara 2 suka zama kufai. Yawanci dalili biyu ne: ko ginin yana yoyon iska, ko an daina ciyar da shi. Ga dokokinsa:

1. A ciyar da shi kowace rana, da awo ɗaya. Kada a yi masa ɗura yau a bar shi da yunwa mako guda.

2. A dama sosai kamar kunu mai kauri. A tsince duwatsu da tsakuwa da kara. Yashi yana kwantawa a ƙasa ya cika ramin, saboda haka a daɓe wurin turke.

3. Ɗanyen kashi ake so. Kandilo ya riga ya bushe, yana tasowa sama ya yi ɓawo ya toshe iska. Kashin awaki da na tumaki sai an jiƙa an farfasa.

4. Kada ruwan sabulu mai yawa, ko omo, ko maganin feshi, ko man inji ya shiga. Suna kashe halittun. Dabbar da ake yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta, a ware kashinta 'yan kwanaki.

5. Sauran tuwo da tumatir da ɓawon kayan lambu suna ba da iska da yawa, amma a zuba kaɗan-kaɗan tare da kashi. In sun yi yawa ciki ya yi tsami, wuta ta ƙi kamawa. In haka ta faru a dakata da su, a koma ga kashin shanu zalla.

6. Ɓuntun shinkafa da itace da leda ba su narkewa. Kada a sa.

7. Raɓa takan taru a cikin bututu. In wuta ta shiga tsalle-tsalle, a buɗe wurin tsiyaye ruwa a zubar.

Kashedi

Wuta ba ta da ɗan gida. Iskar farko da ta taru tana gauraye da iskar waje, tana iya fashewa. A sake ta ta tafi sau 2 ko 3, ba wuta kusa, ba mai shan taba. Kada a gwada ashana a bakin rami ko a bakin bututu, a murhu kaɗai ake kunnawa. In kun ji warin ruɓaɓɓen ƙwai a madafi, akwai yoyo. Ku rufe famfo, ku buɗe ƙofa da taga, ku shafa ruwan kumfa a mahaɗan bututu, inda ya yi ƙwai nan ne.

Babban kashedi kuwa shi ne, kada kowa ya shiga cikin ramin, ko da an kwashe shi. Iskar da ke ciki tana kashe mutum kafin ya yi kira, ta kuma kashe wanda ya shiga ceto. Masu haƙar rijiya sun san irin wannan. Gyaran ciki aikin gwani ne. A rufe bakunan ramin saboda yara.

Rabon gona

Yanzu mu koma ga maigida, wanda ke tsoron a cinye masa taki. Abin da ya fita ya zama wuta ba shi ne abincin shuka ba. Gishirin da shuka ke sha, irin wanda kuke saya a buhu da sunan NPK, yana nan cikin abin da ya fito ta baki na biyu. Ya ma fi saurin shiga jikin shuka, domin ya riga ya ruɓe. Warinsa kaɗan ne, ƙuda ba su damu da shi ba, yawancin irin ciyawa sun mutu a ciki.

Mai lambu kusa da gida ya iya surka shi da ruwa ya zuba a gindin albasa ko tumatir ko barkono. Kada dai a zuba a kan ganyen da ake ci ɗanye. Mai gona nesa ya haƙa rami biyu a inuwa, ya riƙa zuba shi bisa kara da shara da ganye, ya rufe. Kafin damina ya sami mangala da yawa na baƙin taki. Kada a shanya shi a rana tsirara, ƙarfinsa yana bin iska.

Wasu za su tambaya, abincin da aka dafa da wannan wuta yana da tsarki? Iskar ce kaɗai ke zuwa madafi, kashi ba ya kusantar tukunya, abinci kuwa ba ya ɗaukar wari. A mazhabarmu ta Malikiyya ma kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne. Wanda ke da shakka ya tambayi malaminsa.

Wa ya kamata ya gina?

Gaskiya ɗaya ce, ba kowane gida ne zai iya ba. Siminti da bulo da bututu da ladan magini kuɗi ne mai kauri, a biya shi gaba ɗaya tun ba a ga wuta ba. Wanda ba shi da shanu 4 ko 5 a turke, ko ruwa yana yi masa nisa, kada ya ci bashi ya gina. Ya nemi murhu mai cin itace kaɗan, ya dasa itatuwa a gonarsa.

Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gida babba mai sassa da yawa ya iya haɗa shanunsa. Maƙwabta biyu da katanga ta raba su iya haɗa kai. Masu kiwon turke, da mahauta, da makarantun kwana, da masu tuwon sayarwa, su ne ya kamata su fara. Sai dai tun kafin a sa diga a ƙasa a zauna a yanke: wa zai kwaso kashi, wa zai ɗebo ruwa, wa zai dama, yaya za a raba wuta da taki. A sa mata cikin shawarar, gama su ne masu murhu. A rubuta yarjejeniyar a takarda, kowa ya sa hannu. Ga amfanin karatu.

Kada a ba kowane birkila aikin. Tulluwar da ta tsage ko da kamar gashi ba ta riƙe iska. A nemi wanda ya koyi wannan gini, a je a ga wanda ya taɓa ginawa yana aiki. Ku tambayi malamin gona na yankinku. Shugabannin aji su rubuta wasiƙa zuwa cibiyar nan ta Sakkwato, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, ko kwalejin aikin gona ta Bakura, su nemi shawara.

Aikin aji

Gani ya kori ji. Muna son kowane aji ya yi gwaji. A nemi duro mai murfi, na lita 200, wanda aka wanke sarai. A dama ɗanyen kashi bokiti 4 manya da ruwa bokiti 4, a zuba, a bar sarari a sama. A rufe gam, a liƙe. A sa tiyo daga murfi zuwa robar cikin tayar mota wadda aka matse iskarta. A ajiye a fili inda rana ke bugu, nesa da wuta da yara. Kullum ɗalibi ɗaya ya duba, ya rubuta kwanan wata da abin da ya gani. In roba ta kumbura a saki iskar, har sau 2. Ta uku sai malami ya haɗa da kan murhun gas ya kunna a fili, a gaban kowa.

Sa'an nan kowane ɗalibi ya auna kashin da dabbobin gidansu ke yi a yini, bokiti nawa ne. Ya rubuta kuɗin itace da gawayin da gidansu ke kashewa a mako, ya ninka sau 52. Ya kawo lissafin aji. Daga nan kowa zai san ko ramin nan na gidansu ne, ko sai sun haɗa kai da wasu.

Wanda ya ji wannan jawabi ya karanta wa wanda bai zo ba, musamman matan da ke cikin gida. Allah Ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa mu amfana da abin da muka koya. Amin.